Gyara kayanka, ko sauke mu raba? Abin da na gani cikin littafin Ayaan Hirsi Ali

Littafin nan ban saye shi a kanti ba, ban ma taɓa riƙe takardarsa a hannu ba. Wani abokina na sashen Ingilishi ne ya turo mini shi cikin salula, wani dare da aka ɗauke wuta a site, ya ce in karanta amma kar in gaya ma kowa daga wurinsa ya fito. Ku riƙe wannan gargaɗin nasa, zan komo kansa. Ingilishina na lise ne, shi ya sa na yi kusan wata biyu ina jan littafin da ƙamus a gefe, wani babin har sau biyu. Na faɗi haka don ku san ba hirar fada na kwaso na zo ina maimaita muku ba. Yawancin masu zagin matar nan a wurinmu, da ƴan tsirarun da ke yabonta a ɓoye, bidiyon minti uku suka gani.

Sunan littafin Heretic, wato wadda ta fanɗare daga abin da malamai suka tsayar. Ya fito a Amurka a 2015. Mai shi, Ayaan Hirsi Ali, an haife ta a Mogadishu a 1969. Babanta ɗan adawa ne da mulkin Siad Barre, don haka ta tashi cikin gudun hijira: Saudiyya, Habasha, sannan Kenya. Tana da shekara biyar kakarta ta sa aka yi mata kaciya. A Nairobi, tana budurwa, ta shiga zafin addini sosai, ta rufe jikinta ruf, har ita da bakinta ta ce lokacin da aka yanke ma Salman Rushdie hukuncin kisa a 1989 tana cikin masu goyon baya. A 1992 ta nemi mafaka a Holan, ta ce ta gudo ne daga auren da aka ɗaura mata ba da sonta ba. Ta yi karatun siyasa a Leiden, ta bar addini gaba ɗaya a 2002, ta zama ƴar majalisa a 2003. A 2004 ta rubuta wani gajeren fim kan halin da mata ke ciki, Theo van Gogh ya ɗauka. Ran 2 ga Nuwamba na shekarar wani saurayi ya harbe shi a titin Amsterdam, ya yanka shi, ya kafe wasiƙar barazana gare ta a jikin gawar da wuƙa. Tun kafin nan ma da masu tsaro take yawo. A 2006 ta koma Amurka, bayan rigimar da ta tashi kan sunan ƙarya da ranar haihuwar ƙarya da ta bayar sa'ad da take neman mafaka.

Wannan na ƙarshen shi ne sandar da ake fara ɗauka: ai maƙaryaciya ce. Ni kam ba zan ɗauke ta ba. Mu da muka san ƴan uwanmu nawa aka rage ma shekaru a takardar haihuwa don su samu shiga lakkwal, ba mu ne za mu yi ma ƴar gudun hijira wa'azin takarda ba. Kuma ko ta yi ƙarya a kan sunanta, wannan bai gaya mana ko hujjarta ta tsaya ko ta faɗi ba.

Karanta mulhidi ma ba sabon abu ba ne gare mu, mu daina yi kamar sabo ne. Duk wanda ya yi tarminal ya haddace abin da Marx da Nietzsche da Freud suka ce kan addini, ya zuba shi a takardar filo ranar bak, ya samu makinsa, ya fito ya yi alwala ya yi la'asar. Sai dai waɗancan da Kiristancin Turai suke kokawa, kuma sun mutu tuntuni. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 wani sabon ayari ya taso: Sam Harris a 2004, Michel Onfray a Faransa a 2005, Richard Dawkins a 2006, Christopher Hitchens a 2007. Su kam Musulunci na cikin abin da suka sa gaba. Salonsu ya bambanta amma maganar guda ce, wai addini shi ne cutar, don haka babu zancen a yi masa magani. Hirsi Ali tana cikin ayarin nan, ta ma fi wasunsu zafi. A wata hira a 2007 ta ce Musuluncin kansa ya kamata a kayar, ba masu tsattsauran ra'ayi kaɗai ba.

To Heretic ja da baya ne daga wancan matsayin. A nan ta ce ta sake tunani, ana iya gyara. Abu biyar take so Musulmi su gyara ko su yar. Na farko ɗaukar Annabi (SAW) a matsayin wanda ba ya kuskure, haɗe da karanta Alƙur'ani a zahirinsa, musamman ayoyin Madina. Sai fifita lahira a kan duniya, sai shari'a, sai umarni da kyakkyawa da hani da mummuna da kowa ke ɗauka a hannunsa, sai jihadi. Kuma ta raba mu kashi uku. Akwai Musulmin Madina, masu son tsayar da shari'a da ƙarfi, ta ce ita ma can tana budurwa cikinsu take. Akwai Musulmin Makka, su ne mafi yawa, masu ibada da ba su neman jinin kowa. Sai ƴan ƙalilan masu neman gyara, waɗanda take ganin su ne fata.

Daga wannan rabon na fara jin ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Kakata ita ce irin wadda za ta kira Musulmar Makka. Ba ta taɓa ɗaga ma kowa hannu ba sai mu jikokinta. Amma azumin Ramadan da take yi tun kafin a haifi babana, a Madina aka wajabta shi, shekara ta biyu bayan hijira. A Madina aka juya alƙiblarta zuwa Ka'aba. Kiran sallar da ke tashinta da asuba, zakkar konon da take aunawa ranar jajibiri, duk Madina ne. In ka cire Madina daga rayuwar tsohuwar nan me ya rage mata? Ba ta zauna lafiya da maƙwabta don ta bar rabin littafin ba. Ta karɓe shi ne daga hannun malaman da suka koya mata wane hukunci ke kanta, wane ne na sarki da alƙali, wane ne labarin wani yaƙi da aka yi aka gama. Wannan tsanin na malamai, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da ƙarni goma sha na saɓani da sharhi a bayansu, shi ne littafin ya raina. A idonta in ba ka yi kisa ba, to ka ƙi bin nassi ne kawai. Kun ga ke nan ta yarda da mai ɗauke da bindiga a daji cewa karatunsa shi ne na asali, na kakata kuwa sakaci ne. Abin ya ba ni mamaki, mulhida da ɗan ta'adda sun haɗu a kan tafsiri guda.

Rabon Makka da Madina ma ba ita ta fara shi ba. Akwai wani injiniya ɗan Sudan, Mahmud Muhammad Taha, da ya fitar da littafi a 1967 kan abin da ya kira saƙo na biyu na Musulunci. Kun san a darasin nasikhi da mansukhi ana cewa ayar da ta sauko daga baya tana iya ɗauke hukuncin ta farko. Shi sai ya juya abin. Ya ce saƙon Makka, na ƴanci da daidaito tsakanin mace da namiji, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, shi ne asali mai ɗorewa, hukunce-hukuncen Madina kuwa an saukar da su daidai ƙarfin mutanen ƙarni na bakwai, kuma lokacin komawa ga asalin ya yi. Ban ce na yarda da shi ba. Amma mutumin nan mai salla ne mai azumi, da yaren masallaci yake magana. Da ya soki dokokin Satumba 1983 da Numeiri ya kafa da sunan shari'a, aka tuhume shi da ridda, aka rataye shi a kurkukun Kober ran 18 ga Janairu 1985, yana da shekara 76. Wata uku bai cika ba Numeirin ya faɗi. A hannun Taha rabon nan hanya ce ta karanta littafi da mumini ya buɗe ma muminai. A hannun Hirsi Ali ya koma hanyar tantance mutane, wa za a ji tsoro, wa za a ƙyale, irin aikin mai duba fasfo a filin jirgi.

Sai maganar Martin Luther, wadda ita ce ginshiƙin littafin, don hatta abubuwa biyar ɗin nan ta kwaikwayi yadda ake cewa ya kafe ƙorafe-ƙorafensa 95 a ƙofar coci a 1517. Wanda ya yi darasin tarihi bai yi barci ba ya san Luther ba mai sassauci ba ne. Kiransa shi ne a koma ga nassi kaɗai, a bar waliyyai, a bar bin malamai ido rufe. A yaƙin manoma na 1525 da sarakuna ya tsaya, ya zuga su su murƙushe talakawa. A 1543 ya rubuta littafi kan Yahudawa da ya nemi a ƙona majami'unsu. Bayansa Turai ta yi fiye da shekara ɗari tana yanka kanta, har yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648 da ya cinye wani babban kaso na mutanen Jamus. Abin da ya sanyaya su gajiya da jini ne, da ƙarfin gwamnati, da su Locke da Voltaire da suka zo daga baya. Dokar da ta raba coci da gwamnati a Faransa sai 1905. Ita ma ta ambaci Locke da Voltaire, gaskiya, amma sunan da ta ba aikin na Luther ne.

Kuma irin gyaran Luther ai mun gan shi, a ƙofar gidanmu ma. Wa ya ce a koma ga Alƙur'ani da hadisi kai tsaye, a bar kaburburan waliyyai, a bar taƙlidi? Muhammad bin Abdulwahab ne a Najadu, da ya ƙulla alkawari da gidan Sa'ud a 1744. A nan kuma Izala ce, da aka kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro ta zauna daram a Maraɗi. Ban kawo wannan don zagi ba. Rabin masu karanta takardar nan daga gidajen Izala suka fito, kuma mata da yawa a unguwarmu a islamiyyarsu suka fara riƙe littafi, kuma su ne suka yaƙi tsadar biki da ke hana samari aure. Abin da nake cewa shi ne, kalmar gyara a wurinmu tana da mai ita tun tuni. Tajdidi ake ce mata, Shehu ɗan Fodiyo ma da sunanta ya tashi a 1804. Duk sanda aka yi ta, ƙara ɗaure igiya aka yi. Mai kiran a kawo Luther na Musulmi daga Amurka bai lura ba cewa ya zo ya wuce, kuma ba abin da ake jira ya kawo ba.

Buƙatarta ta farko kuwa, wadda ta shafi Annabi (SAW) da Alƙur'ani, ba ta buƙatar dogon zance. Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan kam sauke mu raba ce. Mutum na da damar ya ce bai yi imani ba, amma ba zai ce ma mumini ya bar abin da ya mai da shi mumini ba, sannan ya kira abin gyara. Ta sa shi a layin farko, ta rufe ƙofar da sauran huɗun za su shiga. Maganar fifita lahira ita ma da na karanta sai da na yi dariya: wanda ke zaton Musulmi ba su son duniya ya zo babbar kasuwar Maraɗi ya ga Alhazai. Ko da yake, in na yi adalci, akwai ƙashin gaskiya a ciki. Wa'azin haƙuri a wurinmu talaka da mace ake yi ma shi, ban cika jin an yi ma mai kuɗi ba.

Yanzu bari in zo inda littafin ya yi mini ciwo, don in na tsaya a nan na yi muku rabin aiki.

Ina da shekara goma sha uku a Damagaram ran Juma'a 16 ga Janairu 2015. Bayan an sauko daga masallaci gari ya kama da wuta saboda zanen jaridar Charlie Hebdo. Zanen ya ɓata ma kowa rai, ni ma har yau yana ɓata mini. Amma wa aka ƙona ma coci? Ba masu zanen ba, suna Paris. Maƙwabtanmu ne, waɗanda ƴaƴansu muke aji ɗaya da su. An cinna ma cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta, inda yayyenmu ke aron littafi. Washegari abin ya koma Yamai, coci sama da arba'in, mutum goma suka mutu a kwana biyun. Ina tuna wani yaro ɗan layinmu da ya komo da kujerar roba a kai yana murna. Ba wanda ya tura shi, ba alƙali, ba sarki, ba malamin da ya san sunansa. Shi ya naɗa kansa mai hani da mummuna. Da na kai babin da ta yi magana kan wannan, yaron nan na gani. Abin da ya faru da Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu 2022 kuma kun gan shi a salularku, wasunku sun tura ma wasu.

Na san amsar, ni ma na iya ta. Malamai sun sa sharuɗɗa: sai mai ilimin abin, sai in ba zai haifar da ɓarnar da ta fi ba, canzawa da hannu kuma na mai mulki ne. Gazali ya yi babi guda a Ihya'u a kan haka. Duk gaskiya ne. To ina sharuɗɗan suke ran Juma'ar nan? Suna cikin littafi, littafin yana cikin zaure, yaron yana titi da fetur. In koyarwa mai kyau ba ta fito daga zaure ba sai bayan an kashe wuta, mai suka daga waje yana da abin faɗa. Haka maganar jihadi. A Tillia, cikin jihar Tawa, mutum 137 aka kashe rana guda a watan Maris 2021, Musulmi ne, kuma masu kisan da kabbara suka zo. Mu ce ba Musulunci ba ne, e, na yarda. Amma yaran da suke ɗauka aya ake karanta musu, kuma aya ce za ta kwance su. Wa ke wannan aikin, da sunansa, a bainar jama'a, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci? Akwai su, Allah ya saka musu, amma ba su kai yawan masu wa'azi kan tsawon wando ba.

A kan mata kuma littafin ya yi daidai ya yi kuskure a numfashi guda. Dubi kaciyar mata, wadda ita ce tabon rayuwarta. A Somaliya kusan kowace mace an yi mata. A nan Nijar, inda mu ma kusan dukanmu Musulmi ne, abin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Alƙur'ani guda, alƙibla guda. Ashe ke nan akwai wani abu ban da nassi da ke aiki, al'ada da tarihi da mazhaba, kuma mai son ya fahimci duniya ba zai tsallake su ba don labarinsa ya yi daɗin faɗa. Ta ɗauki Somaliya da Saudiyyar ƙuruciyarta ta shimfiɗa su daga Dakar har Jakarta.

Amma kar mu yi saurin tafi. Laifi tudu ne. A ƙasar nan kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, ba ƙasar da ta kai mu a duniya, kuma Maraɗi da Damagaram sun wuce wannan adadin. Mu tara ne mata da maza muka fi kowa maki a ajinmu na firamare, huɗu mata. Ba ko ɗaya cikin huɗun da ta kai lise. Na san talauci ne kan gaba, uba mai ƴaƴa goma da gonar da ba ta cika rumbu. Sai dai duk sanda aka tashi taɓa dokar, ba da sunan talauci ake hanawa ba. Kundin dokar iyali an yi ta jan sa tun shekarun 1990 bai wuce ba, majalisa ta ƙi yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, kuma kowa ya san da wane suna aka fito titi. Da an ce mata sai mu ce Nana Asma'u. Allah ya ji ƙanta, ta rasu a 1864. Shekara 160 muna ɓuya a bayan zanen baiwar Allah nan.

Abin da littafin bai gani ba shi ne ta inda gyaran ke shigowa in ya shigo. Ku tuna Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, da aka yanke musu hukuncin jifa bayan jihohin arewacin Najeriya sun ƙaddamar da shari'a. Duniya ta yi ta ihu, kuma ihun ya yi amfaninsa. Amma a cikin kotu lauyoyinsu ba Voltaire suka karanto ba. Fiƙihun Malikiyya suka buɗe: sharuɗɗan shaida, damar janye iƙirari, da maganar kwantaccen ciki da ke iya daɗewa shekaru bayan rabuwa da miji. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a ne suka sake su, Safiya a 2002, Amina a 2003. Maroko ta ɗaga shekarun aure zuwa 18 a 2004 da hujjojin da aka ciro daga cikin addini, Tunisiya ta taɓa dokar aure tun 1956. Wannan aikin ba shi da armashi, ba ya sayar da littafi a Amurka. Da su Hirsi Ali sun yi nasarar shawo kan kowa cewa shari'a dunƙule guda ce da sai dai a ɗauka ko a yar, da lauyoyin Amina ba su da abin riƙewa.

To wa take yi ma magana ne ma? Da na gama sai na ga ba ni ba ne. Kiranta na ƙarshe ga gwamnatocin Yamma yake, su tallafa ma masu neman gyara kamar yadda suka tallafa ma masu adawa da kwaminisanci lokacin yaƙin cacar baka. Ƙungiyar marubutan da ta fi shahara a wancan aikin, a 1967 aka tabbatar kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka take ci, mutuncin waɗanda ke cikinta ya zube. Ku ɗauka a ce malamin unguwarku da ke cewa a bar yarinya ta gama lakkwal an gano ambasad ke biyansa. Ya gama yawo, shi da maganarsa. Ta kuma yaba jawabin da Sisi ya yi gaban malaman Azhar a farkon 2015 yana kiran juyin juya hali a addini. Wannan Sisin ne jami'ansa suka kashe ɗaruruwan mutane rana guda a dandalin Rabi'a a watan Agusta 2013. Gyaran da soja zai yi umarni da shi, baƙo ya biya kuɗinsa, ban ga masallacin da zai karɓe shi ba.

Akwai kuma abin da ya faru bayan littafin. A watan Nuwamba 2023 Hirsi Ali ta rubuta cewa ta zama Kirista. Dalili biyu ta bayar. Ɗaya na siyasa, wai mulhidanci ba zai iya kare wayewar Yamma daga maƙiyanta ba. Ɗayan kuwa na zuciya, ta ce rayuwa ba tare da wata nutsuwa ta ruhi ba ta gagare ta. Wasu abokaina sun yi ta shewa, ai ga ta nan, dama can. Ni ban yi ba, dalili na biyun nan na girmama shi, mutum ne ya faɗi rauninsa gaban duniya. Amma ina da tambaya. Shekara takwas kafin nan ta ce mu rage dogaro da abin da ke bayan mutuwa. Ita da ke da fasfo da albashi da masu gadi ta kasa jure duniya tsirara. Matar da ta binne ƴaƴa uku a ƙauyen Dakwaro fa, da me aka so ta jure?

Na ce zan komo kan gargaɗin abokina. Yaron nan yana salla, sahun gaba ma. Littafi kawai ya karanta, kuma ya fi ni samun kurakuransa. Amma ya ji tsoron a san ya karanta, kuma ba haka kawai ba. Nasr Hamid Abu Zaid malamin jami'ar Alƙahira ne, Musulmi, kotu ta ce ya yi ridda saboda bincikensa kan Alƙur'ani, ta raba aurensa a 1995 ba shi ba matarsa suka nema, sai gudu suka yi zuwa Leiden, garin da ita Hirsi Ali ta yi karatu. Farag Foda harbe shi aka yi a 1992. Nan kusa, Mubarak Bala, da ya fito ya ce shi bai yi imani ba, kotu a Kano ta ba shi shekara 24 a 2022 kan abin da ya rubuta a Facebook, kafin a rage a ɗaukaka ƙara. Na karanta wasu kalaman nasa, ba su yi mini daɗi ba ko kaɗan. Amma mu da ke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a bar mu mu gyara daga ciki, me muke yi ma na cikin in ya nuna yoyon? Taha na ciki ne. Abu Zaid na ciki ne. Duk hujjar da na kawo a sama cewa gyara daga gida yake fitowa, tana tsaye ne a kan sharaɗin cewa ɗan gida zai iya buɗe baki ya kwana lafiya. In sharaɗin nan bai cika ba, Hirsi Ali ta ci wannan zagayen, ko da ta faɗi sauran.

Da na kawo rubutun nan taron ƙungiya, mun yi awa biyu muna gardama ko a sa shi. Wani ya ce a cire sunan littafin kar mu yi masa talla. Wata ta ce a cire sakin layin Damagaram, iyayenta za su gani. A ƙarshe aka bar komai yadda yake, aka ce sunana ne za a cire, kuma ban yi musu ba. Mai fotokopin ma na roƙe shi ya buga da dare.